Mahaɗa ɗaya ce ko biyu? Dokar titi mai hannu ɗaya a inda hanya ta goce

A ɗauka direba ya taso daga kudu a kan wani ƙaramin titi ya nufi arewa, sai ya iske babban titi a gicciye a gabansa, wanda motoci ke bi zuwa gabas kaɗai. Titin da yake kai bai ƙare a nan ba, domin yana hango ci gabansa a tsallake, da suna iri ɗaya a jikin allo. Sai dai bakin wancan ɓangaren bai yi saiti da bakin wannan ba, ya goce zuwa yamma da kamar mita 12. Idan direban ya ɗan murza sitiyari ya ratsa a karkace, cikin daƙiƙa uku ya shige abinsa, amma a cikin daƙiƙun nan uku hancin motarsa yamma yake dubawa a kan titin da doka ta ce gabas kaɗai ake bi. Shi a ganinsa tsallaka mahaɗa ya yi. Jami'in da ke tsaye a bakin kwana kuwa yana iya cewa hannu ya saɓa. Kafin a raba musu gardama sai an fara warware wata tambaya da ba kasafai direbobi ke yi wa kansu ba, wato ko wurin nan mahaɗa ɗaya ce mai faɗi, ko kuwa mahaɗu biyu ne da ɗan guntun titi a tsakaninsu.

Titi mai hannu ɗaya shi ne wanda a bakin direbobi ake kira wanwe, ko da yake a Najeriya kalmar ta fi komawa sunan laifin, domin idan aka ce wane ya bi wanwe ana nufin ya tunkari motoci ta hannun da ba nasa ba. Mahaɗa mai gociya kuwa ita ce inda ƙaramin titi ya haɗu da babba ta gefe biyu amma bakunan biyu ba su kalli juna ba. Misalan da za su biyo baya duk na tuƙin hannun dama ne, irin na Amurka da Faransa da Nijar, wanda Najeriya ta koma kansa ranar 2 ga Afrilu 1972, Ghana kuma a 1974. Wanda ya san titunan Birtaniya sai ya juya dama da hagu a zuciyarsa.

Yawancin irin waɗannan mahaɗu ba wanda ya zauna ya tsara su da gangan. A tsakiya da yammacin Amurka tushensu dokar awon filaye ce ta 1785, wadda ta yayyanka ƙasa gida-gida, kowane yanki mil shida tsawo mil shida faɗi. Da yake duniya a dunƙule take, layukan da suka miƙa arewa suna matsowa kusa da juna, don haka bayan kowane mil 24 masu awo sukan gyara lissafi su matsar da layin gefe, hanyar da aka shimfiɗa a kan layin kuma dole ta yi tsalle tare da shi. A cikin birane dalilin yakan zama unguwanni biyu da aka yanka a lokuta daban. A San Faransisko, titin Market ya raba tsari biyu na tituna da ba su fuskanci juna ba tun awon Jasper O'Farrell na 1847, shi ya sa titunan arewa suke faɗowa masa a karkace, ba sa yin saiti da na kudu. Wani wurin kuma layin dogo ne ko kogi ko gidan wani mai ƙarfi ya tare hanya. Duk wanda ya ga yadda sabuwar unguwa ke haɗuwa da tsohuwa a garinsu ya san yadda abin ke faruwa.

Shi kuwa hannu ɗaya daga baya aka ɗora shi a kan waɗannan tituna domin maganin cunkoso. Landan ta yi irin wannan doka ga wasu lunguna da ke kusa da kogin Thames tun 1617, birnin Faris ya fara a 1909, New York kuma ta mayar da manyan titunan Manhattan hannu ɗaya bi da bi, har aka kai ga titin Fifth da na Madison a 1966. Hujjar masana titi lissafi ce mai sauƙi. A mahaɗar tituna biyu masu zuwa da dawowa akwai wurare 32 da hanyar wata mota ke ratsa ta wata, ko ta haɗe da ita, ko ta rabu da ita. A mahaɗa mai ƙafa uku wuraren tara ne, saboda haka mahaɗa mai gociya, wadda ƙafa uku ce sau biyu, tana da 18. Idan kuwa tituna biyu masu hannu ɗaya, kowanne da layi guda, suka gicciye juna, wuraren biyar ne kacal. Kowanne daga cikin dabarun biyu, wato gociya da hannu ɗaya, shi kaɗai yana rage haɗari. Matsalar tana tasowa ne idan aka haɗa su wuri guda, domin dokokin shan kwana an rubuta su ne ana hango mahaɗa mai siffar gicciye, inda miƙewa miƙewa ce, juyawa kuma juyawa.

Asalin dokar bai bambanta sosai tsakanin ƙasashe ba. Yarjejeniyar zirga-zirgar motoci da aka ƙulla a birnin Viyana a 1968 ta faɗa a sashe na 16 cewa mai juyawa dama ya matsa iyakar ƙoƙarinsa zuwa gefen dama, mai juyawa hagu kuma ya matsa kusa da layin tsakiya idan titin mai zuwa da dawowa ne, idan kuwa mai hannu ɗaya ne ya matsa can ƙarshen gefen hagu. Kundin samfurin dokokin tuƙi na Amurka, wanda aka fara fitarwa a 1926 kuma jihohi da yawa suka kwafi dokokinsu daga gare shi, haka ya tanada, ya kuma ce juyin dama a yi shi dab da dakalin gefen dama. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya, a ƙa'ida ta 143, ya umarci wanda ke kan titi mai hannu ɗaya ya zaɓi layin mafitarsa da wuri, kada ya sauya layi kwatsam. Wannan umarni na ƙarshe shi ne ainihin abin da mahaɗa mai gociya ba ta ba direba damar yi, domin babu wani da wuri a cikin tazarar mita 15.

To mece ce mahaɗa a wurin doka? Kundin na Amurka, da jihohin da suka bi shi irin su Kalifoniya, sun ce ita ce filin da ke ciki idan aka miƙar da layukan dakalin titunan biyu, tare da duk filin da motocin da suka fito daga tituna daban za su iya cin karo a cikinsa idan titunan ba a miƙe suka haɗu ba. Idan gociyar ba ta kai faɗin ƙaramin titin ba, wato bakunan biyu sun ɗan hau kan juna, babu wata gardama, domin layukan da aka miƙar daga kudu da waɗanda aka miƙar daga arewa sun kewaye fili guda, kuma direban da ya ratsa a karkace bai fita daga mahaɗar ba balle a ce ya hau titi mai hannu ɗaya. Idan kuwa gociyar ta kai mita 50, nan ma babu gardama, mahaɗu biyu ne. Rigimar tana tsakanin waɗannan biyun, inda bakunan suka rabu da 'yan mitoci, ido yana ganin wuri guda, ma'aunin dakali kuma yana nuna wurare biyu.

A nan ne mutane kan jawo wata ƙa'ida da suka ji, cewa tazarar ƙafa 30, wato mita tara da ɗoriya, ita ce iyaka. Ƙa'idar tana nan a kundin, amma an yi ta ne domin tagwayen hanyoyi masu tsibiri a tsakiya: idan hannuwan biyu sun rabu da ƙafa 30 ko fiye, kowace ratsawa mahaɗa ce mai zaman kanta. Ba a kan titin da ya goce gefe take magana ba, kuma wanda ya ɗauki ma'auni ya je ya auna gociya da ita domin ya kare kansa, a ganina ya ɗauko makamin wani yaƙin ne. Abin da ya fi amfani shi ne ƙarin da littafin alamomin titi na Amurka ya yi a kan wannan ƙa'ida, cewa a inda akwai danja, idan ba a ja layin tsayawa ko wurin tsallakar masu ƙafa a tsakanin ratsawa biyun ba, to duka wurin mahaɗa ɗaya ce komai tazararsa. Wannan ma tagwayen hanyoyi aka nufa da shi, amma hikimarsa tana aiki a ko'ina, domin ta ɗauke hukuncin daga ƙiyasin direba ta ɗora shi a kan abin da hukuma ta zana a ƙasa. Farin layi a gicciye a tsakiyar guntun titin yana cewa nan wata mahaɗa ce sabuwa. Rashinsa, tare da danja guda da ke kula da bakunan biyu, yana cewa wuri ɗaya ne.

Idan babban titin ne mai hannu ɗaya, ɓangaren da gociyar ta faɗa shi ne komai. A misalin farko motoci gabas suke yi, ci gaban titin kuma yana yamma, wato gociyar ta saɓa wa ruwan motoci. Muddin wurin mahaɗu biyu ne, babu halastacciyar hanyar tsallakawa ko kaɗan, dole direban ya sha kwanar dama ya bi gabas ya zagayo ta wani titin, ko da kuwa ƙofar gidansa yake hange a tsallake. Dokar hannu ɗaya ba ta da rangwamen tazara, mita biyar da mita ɗari biyar duk saɓa hannu ne, kuma komawa da baya zuwa bakin titin bai sauya hukuncin ba, tunda inda motar ta nufa ake dubawa, ba inda hancinta ya duba ba. Wani abin lura shi ne cewa wurin da ya rufe wa mai zuwa daga kudu a buɗe yake ga mai zuwa daga arewa, domin shi zai juya hagu ya bi gabas tare da motoci, sannan ya juya dama ya shiga kudu. Titi guda, suna guda, ana saukowa ta cikinsa amma ba a hawa, alhali babu allon da ya kira shi mai hannu ɗaya.

Idan kuma ci gaban titin yana gabas, wato gociyar ta bi ruwan motoci, tsallakawa halal ce amma cika sharuɗɗanta yana da wuya. A ce babban titin layi uku ne. Doka ta ce direba ya sha kwanar dama ya faɗa layin dama, kuma ta ce kwanar hagu daga titi mai hannu ɗaya daga layin ƙarshe na hagu ake shan ta. Ke nan tsakanin kwana biyun sai ya sauya layi sau biyu, kowane sauyi da sigina da duba madubi da tabbatar da cewa babu mai tahowa. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a daƙiƙa guda, don haka guntun titi mai mita 20 bai kai tafiyar daƙiƙa biyu ba a wurin masu tahowa daga yamma. Babu direban da zai iya bin kowane mataki a cikin wannan fili. Abin da mutane ke yi a zahiri shi ne su jira a bakin titi har layukan uku su yi sarari gaba ɗaya, sannan su yanka a karkace kai tsaye zuwa layin hagu. Wannan shi ne mafi aminci, kuma shi zan ba kowa shawara, amma ya kamata a sani cewa bisa harafin doka a jihohin da suka wajabta faɗawa layi mafi kusa, ba a sha kwanar daman yadda aka rubuta ba. Idan aka yi karo a tsakiya, wanda ya yanko layukan shi ake fara tuhuma, domin shi ya shigo hanyar wasu.

Batun sigina yana bin wannan rabe-raben. Idan mahaɗa ɗaya ce, mai ratsawa miƙewa yake yi, kuma kunna sigina zai iya yaudarar wanda ke jira a ɗaya bakin ya ɗauka motar za ta bi babban titi ta tafi. Idan biyu ce, juyi biyu ne, sigina biyu, ta dama sannan ta hagu. Wasu jihohin Amurka, har da Kalifoniya, suna buƙatar a kunna sigina tun ƙafa 100 kafin kwana, wato kusan mita 30, wanda ya fi tsawon guntun titin kansa. Hanyar da ta fi dacewa da hankali ita ce a kunna ta biyu da zarar an gama kwanar farko, domin na bayanka, wanda ya ga ka shigo titi, tsammaninsa za ka ƙara wuta, ba taka burki ba.

Jar danja ce ta fi fito da rikicin fili. Juyawa dama a kan jar danja bayan cikakkiyar tsayawa ya bazu a Amurka bayan matsalar man fetur ta 1973, inda dokar tarayya ta 1975 kan tsimin makamashi ta tura jihohi su halatta shi. Mafi yawan jihohi sun ƙara da halatta juyawa hagu a kan ja idan daga titi mai hannu ɗaya ne zuwa wani mai hannu ɗaya, bisa hujjar cewa wannan juyi madubin juyin dama ne, ba ya yanka hanyar kowa. Jihohi biyar, Alaska da Idaho da Michigan da Oregon da Washington, sun yarda da shi ko daga titi mai zuwa da dawowa ne, muddin wanda za a shiga mai hannu ɗaya ne. Karolina ta Arewa ba ta yarda da juyin hagu a kan ja ba sam, birnin New York kuma ya hana duka biyun sai inda allo ya ba da izini, kamar yadda tsibirin Montreal a Kanada ya hana na dama. Yanzu a ɗora wannan a kan mahaɗa mai gociya. Direba ya tsaya a jar danja, ya duba, ya juya dama yadda doka ta ba shi dama, ya yi mita 15, ya juya hagu ya shige ci gaban titinsa. Idan mahaɗu biyu ne kuma na biyun ba ta da danja, bai karya komai ba. Idan mahaɗa ɗaya ce, to abin da ya yi sunansa miƙewa a kan jar danja, sai dai ya raba shi gida biyu, kuma izinin juyawa bai taɓa zama izinin tsallakawa ba. Motsi iri ɗaya, taya ta bi ta wuri ɗaya, hukunci ya bambanta gwargwadon inda aka kafa sandunan danja. Shi ya sa birane da yawa suke rataya allon hana juyi a kan ja a irin waɗannan wurare, su huta da musu.

Su ma masu saita danja wurin ba ya ba su sauƙi. Idan suka ɗauke shi mahaɗa ɗaya, dole su tsawaita lokacin da ko'ina ke ja domin motar ƙarshe ta samu fita daga dogon filin, kuma sau da yawa sai sun ba bakin kudu nasa lokaci, bakin arewa nasa daban, saboda hanyoyinsu suna cakuɗewa a tsakiya, wanda hakan ke rage rabon babban titi. Idan suka ɗauke shi biyu, guntun tsakiyar ya zama wurin jira, alhali mita 20 mota uku take ɗauka, tirela guda kuma ta cinye shi har wutsiyarta ta tokare mahaɗar baya. Akwai kuma haɗarin ido ya tsallake fitilar kusa ya karanta ta nesa, abin da ya sa ake sa wa fitilun ciki murfi mai tsaga-tsaga domin kada a gan su sai an iso. Direban da ya shiga da koriya sannan ya ga ja a gabansa sai ya dubi ƙasa: idan akwai layin tsayawa ya tsaya, idan babu, jar ta waɗanda ba su shigo ba ce, tsayawarsa a tsakiya kuwa toshe hanya ce. Dokar hana toshe mahaɗa ta Kalifoniya ta 1987 da akwatin rawaya da Birtaniya ta fara zanawa a ƙasa a tsakiyar mahaɗa a 1967 abu guda suke cewa, kada a shiga sai an ga wurin fita.

A inda babu danja ko allo, tambayar ɗaya ko biyu tana sauya wanda ke da hannu. Yarjejeniyar Viyana a sashe na 18 ta ba wanda ya fito daga dama fifiko, kuma Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta, irin su Nijar, a kan wannan suke. A ƙarƙashin wannan tsari siffar mahaɗar ba ta da tasiri sosai, motar da ke kan babban titi mai zuwa gabas za ta ba mai fitowa daga kudu hannu domin yana damanta, ba za ta ba mai fitowa daga arewa ba. Kalifoniya kuwa ta yi togiya ga mahaɗa mai ƙafa uku, ta ce wanda titinsa ya ƙare shi zai jira wanda titinsa ya zarce, ko ta wane gefe ya fito. Ke nan mai zuwa daga kudu yana da hannu idan wurin gicciye ne kuma suka iso tare, ba shi da shi idan ƙafa uku ce sau biyu. Mutum biyu za su iya shiga da cikakken yaƙini, kowanne da ayar doka a bakinsa.

Akwai kuma yanayin da ƙaramin titin ne ke sauya hali a tsallake. Daga kudu mai zuwa da dawowa ne, a arewa kuma ya zama mai hannu ɗaya yana gangarowa kudu. A mahaɗa madaidaiciya jan faifan nan mai farin layi a kwance, alamar ba a shiga, yana kallon direba ido da ido tun daga nesa. A mai gociya faifan yana can gefe, ba ya bayyana sai an gama kwanar farko, lokacin da hankalin direba ke kan madubi da motocin da ke tahowa. Da dare abin ya fi muni, saboda fitilar mota gabanta take haskawa, ba gefe ba. Alamu biyu da ba sa ƙarya a irin wannan hali su ne motocin da aka ajiye a gefe, idan duk suna fuskantarka a hannu biyun titin, da kuma launin fenti a Amurka, inda rawaya ke gefen hagun mai tafiya daidai, wanda ya gan shi a damansa kuwa ya san ya shigo ta baya.

Masu tafiya a ƙasa su ne suka fi shan wahalar wannan tsari, domin direban da ke jiran sarari a titi mai hannu ɗaya gefe guda kawai yake kallo, inda motoci ke fitowa, mutumin da ya sako ƙafa daga ɗaya gefen kuwa ba ya cikin lissafinsa. Binciken da hukumar sufurin birnin New York ta fitar a 2016 ya nuna cewa juyin hagu yana kashe ko jikkata masu ƙafa da masu keke fiye da ninki uku na juyin dama, kuma tsallaka mahaɗa mai gociya ko ta wane gefe yana ɗauke da juyin hagu guda. Sannan hannu ɗaya ba kullum yake nufin kowa da kowa ba. Tun 2008 Faransa ta mayar da shi ƙa'ida cewa a unguwannin da aka taƙaita gudu zuwa kilomita 30 masu keke suna iya bin titi mai hannu ɗaya ta kowace fuska, sai inda magajin gari ya hana, wasu biranen kuma suna ware wa bas layin da ya saɓa wa sauran motoci.

Inda aka samu damar tsara gociya da gangan, masana sun fi son wadda mai tsallakawa zai fara da kwana mai wuya ya ƙare da mai sauƙi, wato hagu sannan dama a ƙasashen tuƙin dama, dama sannan hagu a Birtaniya. Dalili shi ne jiran ya kasance a kan ƙaramin titi, ba a tsakiyar babba ba inda ake iya buge mutum ta baya. Amma wannan fifiko na titi mai zuwa da dawowa ne. Da zarar babban titin ya koma hannu ɗaya, kowace irin gociya tana buɗe wa gefe guda ta rufe wa ɗayan, don haka abin da ya fi dacewa shi ne a mayar da ƙaramin titin shi ma hannu ɗaya ta fuskar da ke buɗe, ko a bar guntun tsakiyar ya zama mai zuwa da dawowa da tsibiri da alamu bayyanannu. Inda kuɗi ya samu akan kawar da gociyar ɗungurungum, kamar yadda Toronto ta yi a 2010 lokacin da ta haƙa hanya a ƙarƙashin layin dogo ta haɗa ɓangarorin titin Dufferin biyu, bayan shekaru fiye da ɗari motoci da bas suna zagayawa ta titunan Peel da Gladstone.

Mafi arha daga cikin magunguna fenti ne. Littafin alamomin titi na Amurka ya ambaci mahaɗa mai gociya da sunanta a cikin wuraren da ya kamata a ja ɗige-ɗigen layi ta cikin mahaɗar domin su jagoranci mota daga wannan baki zuwa wancan. Inda aka ja su, hukuma ta amsa tambayar da kanta, ratsawar miƙewa ce kuma halal ce. Inda ba ta son a ratsa, kibiyar dole a juya dama da ɗan tsibirin kankare a bakin titi sun wadatar. Abin da ban ga adalcinsa ba shi ne a bar wurin babu ɗigo babu kibiya, sannan a tsaya a bayan kwana ana jiran wanda zai yi kuskure, musamman a inda hukuncin ke da tsanani. A Legas, dokar sufuri ta 2018 ta kai ga ƙwace motar wanda ya saɓa hannu, kuma a 2022 an yi gwanjon irin waɗannan motoci a bainar jama'a. Hukunci mai wannan nauyi ya dace da wanda ya hau babbar hanya yana tunkarar jama'a da gangan domin ya tsere wa gosulo, amma kafin a ɗora shi a kan wanda ya ratsa mita 12 zuwa titin da ke ɗauke da sunan wanda ya baro, ya kamata a iya nuna allon da ya tsallake, a kuma tabbatar ana ganin allon daga inda ya tsaya kafin ya murza sitiyari.